Fari da ƙiba: wa ya yanka mana wannan ma'aunin?

A shagunan kayan kwalliya na Lafiya, kamar dai a Sabon Ibadan ko Agege, ba a rasa abu biyu: man ƙara haske da maganin ƙiba. Mukan zagi 'yan matan da ke saye, amma ni a ganina ba su suka yanka ma'aunin ba. Tarar da shi suka yi.

Daga gida yake farawa. Yarinya na tasowa ana ce mata "baƙa" ko "tsinke", ƙanwarta kuwa "fara sol kamar Balarabiya". Wasa ne, in ji iyaye, amma tana ji tana ajiyewa. Ranar da dangin miji suka zo ganin amarya, abin da za su fara kai wa gida shi ne ko fara ce, ko tana da jiki. A wurinmu rama alamar wahala ce, matar da ta yi ƙiba kuma sai a ce mijinta ya iya kiwo.

Da can gyaran amarya dilka ce da halawa da turaren wuta, abin da aka fi sanin mutanen Barno da shi, Lafiya kuwa ai Barebari suka kafa ta. Yanzu waya ta shigo. Fuskar da yarinya ke gani a TikTok an tace ta, ko mai ita ba haka take ba in ta tashi daga barci. Ga finafinanmu na Hausa, inda mai haske ta fi samun fitowa a jaruma. 'Yarmu da ta tashi a Kudu kuma tana tsaka mai wuya: a makaranta ana yabon ƙaramin ciki, a gida gwaggo na cewa ta rame.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa. Sinadarin hydroquinone yana hana fata yin baƙin da ke kare ta daga rana, shi ya sa daga baya fuska ke yin dabbare-dabbare. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne "sha ka fashe". Galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine, ko a haɗa su. Na biyun yana buɗe ci ne da sa barci. Na farkon kuwa kumbura fuska yake yi, ya tara ruwa a jiki, ya ɗaga suga da hawan jini, mu kuma mu ce ta yi fes. Wadda ta daɗe tana shan sa, yankewa farat ɗaya ma haɗari ne. Likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan har jiki ya koma aikinsa.