A duba saiwar icce kafin a dasa shi

Tun shekara ta 1975 aka mai da ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itatuwa a Nijar. A shekarar nan ce kuma aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, don su tare iska. Amma ba duk iccen da aka dasa ke kamawa ba. Sau da yawa ciwon daga cikin leda yake farawa.

In icce ya daɗe cikin leda, saiwarsa ba ta samun hanya. Sai ta nannaɗe kamar gammo. In aka dasa shi haka, saiwar ba ta nutsewa ta iske laima. Rani na zuwa sai ya bushe, wahalar ban ruwa ta tafi a banza.

Ga yadda manomi zai yi. Ya ba iccen ruwa da marece, ya dasa da safe. Ya gina rami mai zurfin kamu ɗaya. Ya sa wuƙa mai kaifi ya yanke gindin leda kamar faɗin yatsa biyu, tare da saiwar da ta nannaɗe. Ya tsage ledar a hankali, kada ƙasar ta watse. Ya cika ramin da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya danne, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

In damana ba ta zauna ba tukuna, ya mai da iccen cikin babbar tukunya mai huji a gindi, ya ajiye shi a inuwa har ruwa ya sauka sosai.