Yadda ake gwada lissafin hasashen damina a Matameye

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana amfani da tsarin lissafi mai suna SARRA-H. Ana zuba masa yawan ruwan sama, zafin rana da irin ƙasa, sai ya fitar da hasashen amfanin gona.

Amma ba a dogara da hasashe sai an auna shi da abin da aka girbe. In lissafi ya ce dami 10, rumbu ya nuna 6, dole a gyara alƙaluman, a sake gwaji har giɓin ya ragu. A Matameye akwai abin lura: hatsi ya fi albarka a gindin gawo, don haka duk lissafin da ya manta da waɗannan itatuwa zai raina gonakin yankin.