Ƙaramar Uwar Garke a Kwamfutar Manazarci: Gwajin Haruffan Hausa da Kanuri Ba Tare da Intanet Ba

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi wata dabara da masu gina shafukan intanet suka daɗe da sabawa da ita, amma manazarta harshe ba su cika waiwayarta ba, wato mayar da kwamfutar mutum ƙaramar uwar garke domin gwada aiki kafin a sake shi. Uwar garke dai na'ura ce da ke riƙe fayiloli tana miƙa su ga mai nema.

2.0 Yadda Take Aiki

Idan kwamfuta na ɗauke da manhajar Python 3, wadda ta fito a 2008, sai manazarci ya shiga jakar da ya tara shafukan ƙamusunsa da muryoyin da ya naɗa, ya rubuta python -m http.server 8000. Daga nan duk wayar da ke kan wayfai ɗaya da kwamfutar za ta iya buɗe shafukan ta adireshin kwamfutar, ko da babu intanet a kan wayfai ɗin. Amfanin wannan a fili yake ga mai bincike a Konduga, kudu maso gabashin Maiduguri a kan hanyar Bama, domin kuwa a Mayun 2013 an katse layukan waya a jihar Borno sakamakon dokar ta-ɓaci, kuma aikin da ya dogara da intanet kaɗai tsayawa yake yi a irin wannan hali.

3.0 Matsalar Haruffa

Babban abin gwaji shi ne haruffa. Uwar garken Python ba ta sanar da waya tsarin rubutun da shafi ke bi, saboda haka shafin da bai bayyana cewa da UTF-8 aka rubuta shi ba, ɓ da ɗ da ƙ kan iya rikiɗewa su zama shirme. Gara a ga hakan a wayar mai ba da bayani tun a fagen bincike.

Lamarin Kanuri ya fi sarƙaƙiya. Wasalin da ke cikin kalmar fǝr, wato doki, yana da tagwaye biyu a Unicode: U+01DD da U+0259. A ido kusan ɗaya suke, sai a babban baƙi suke rabuwa, ɗaya Ǝ, ɗaya Ə. Ƙamusun da mutane biyu suka buga, kowa da nasa tagwayen, zai riƙa ɓoye kalmomi ga mai nema alhali suna nan ciki.

Akwai kuma hatsari. Duk wanda ya hau wannan wayfai zai iya ganin abin da ke cikin jakar baki ɗaya, har da muryoyi da sunayen masu ba da bayani, kuma a yankin da ya sha rikici kamar Konduga wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Wajibi ne a ware jaka ta musamman domin gwaji, ko a ƙara --bind 127.0.0.1 a ƙarshen umarnin idan kwamfutar kaɗai ake so ta gani.