Abin Da 'Yan Katolikan Gwagwalada Ke Nema Wurin Fafaroma Leo

Ran Alhamis 8 ga watan Mayu na 2025, wajen ƙarfe biyar na yamma agogon Nijeriya, farin hayaƙi ya tashi daga rufin wata majami'a a fadar Batikan da ke birnin Rum. Wannan ita ce alamar da aka saba da ita, watau Kadinal 133 da aka rufe a ciki tun ran Laraba sun daidaita a kan wanda zai gāji Fafaroma Francis, wanda ya rasu ran 21 ga Afrilu. Kafin a kira sallar magariba a Gwagwalada labari ya bazu cewa Kadinal Robert Francis Prevost aka zaɓa, haifaffen Shikago ta Amurka, mai shekara 69, kuma ya ɗauki sunan Leo na 14.

Mai karatu zai ce ina ruwan Gwagwalada da abin da ya faru a Rum? Ai yawancin matafiya ba su san garin ba sai da tashar mota ta hanyar Lakwaja, da asibitin koyarwa, da jami'a, da kuma zafin rana. To, amma a wannan gari ne makarantar horar da limaman mishan ta ƙasa take, ta Ƙungiyar Bulus Mai Tsarki wadda aka fi sani da MSP. Kadinal Dominic Ekandem ne ya kafa ƙungiyar a 1977 a Iperu-Remo ta Jihar Ogun, daga baya makarantar ta ƙaura zuwa Gwagwalada a 1984. Tushen abin kuwa shi ne kiran da Fafaroma Bulus na 6 ya yi a Kampala a 1969, cewa lokaci ya yi da 'yan Afirka za su ɗauki aikin mishan da kansu. Yau limaman da aka horar a Gwagwalada suna riƙe da majami'u a ƙasashen Afirka da dama, har da Amurka da Turai, inda Turawa suka yi ƙarancin limamai. Saboda haka duk abin da aka sauya a Rum, ɗaliban wannan makaranta ne za su ɗauke shi a ka su kai wa jama'a.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mutane da yawa sun sa ran a wannan karon ɗan Afirka zai hau. An yi ta ambaton Kadinal Turkson na Gana, da Ambongo na Kwango, da Sarah na Gini. Nijeriya kuwa, duk da yawan mabiyanta, ƙuri'a ɗaya tak ta samu, ta Kadinal Peter Okpaleke na Ekwulobia, don Kadinal John Onaiyekan na Abuja da sauran biyun sun haura shekara 80, doka ta hana su zaɓe. Da aka ji Ba'amurke ne sai jikin wasu ya yi sanyi.

Sanyin bai daɗe ba. Kafin wayewar gari hotunansa na Nijeriya suka cika wayoyin jama'a. Ashe baƙon ba baƙo ba ne. Shi ɗan ƙungiyar Waliyi Agustin ne, ya kuma shugabance ta a duniya duka daga 2001 zuwa 2013, a lokacin ne ya yi ta zuwa ƙasar nan, ya kuma sake zuwa Abuja a 2016 wajen babban taronsu. Wannan ƙungiya kuwa ta Arewa ce tun asalin zuwanta. Limamanta 'yan Ailan sun sauka a Jos a ƙarshen shekarun 1930, suka koyi Hausa, sannan suka nufi Adamawa da Barno. Su ne suka fara riƙe Yola da Maiduguri. Bishop John Niyiring da aka naɗa a Kano a 2008 shi ma ɗan ƙungiyar ne. Ran 18 ga Mayu da aka yi bikin kama aiki, Shugaba Bola Tinubu, wanda Musulmi ne, ya je Rum tare da manyan bishop-bishop, cikinsu har da Ignatius Kaigama na Abuja da Matthew Kukah na Sakkwato.

Bayan murna sai maganar gyara, kuma a nan ne zancen ya rabu biyu. Idan jaridun Jamus ko Amurka sun ce a gyara coci, abin da suke nufi shi ne a bar limamai su yi aure, a naɗa mata, a kuma sa wa masu auren jinsi albarka. A Gwagwalada da ƙauyukanta ba wannan ne ke hana mutane barci ba. A Disamba 2023 da Batikan ta fitar da takardar da ta yarda da irin wannan albarka, bishop-bishop na Nijeriya sun ce ba za a yi a majami'unsu ba, kuma a Janairu 2024 ƙungiyar bishop-bishop na Afirka ta bi sahu. Francis bai tilasta musu ba.

Auren da ya dami mutanen karkara wani ne dabam. A ƙasar Gwari da Bassa, kamar sauran wurare, akwai magidancin da ya auri mata biyu ko uku bisa al'ada tun kafin ya karɓi addinin. Dokar Katolika ta ce in yana son baftisma sai ya zauna da ɗaya. To wace zai saka? Uwargida da suka sha wuya tare, ko amarya mai goyo? Wa zai ci da wadda aka fitar? Shi ya sa za ka ga dattijo ya shekara ashirin yana zuwa sujada, yana ba da baiko, 'ya'yansa duk an yi musu baftisma, shi kuwa yana zaune a baya ba ya karɓar jibin Ubangiji. Babban taron da Francis ya kira a Rum a 2023 da 2024 ya ɗora wa bishop-bishop na Afirka nazarin wannan matsala, sun kuma tattauna ta a Kigali a 2025. Ba wanda ke zaton za a halatta mata biyu. Abin da ake nema shi ne hanyar da ba za ta jefa mace da 'ya'yanta a titi ba, kuma wannan roƙo yana da hujja.

Sai maganar yadda ake naɗa shugabanni. Shi kansa Kadinal Okpaleke shaida ne. A 2012 aka naɗa shi Bishop na Ahiara a Jihar Imo, limamai da jama'ar wurin suka ƙi shi don ba ɗan yankinsu ba ne. Francis ya yi musu barazanar dakatarwa a 2017, duk da haka bai shiga ba, har ya ajiye muƙamin a 2018. Kafin zaɓensa, Leo ne ke shugabantar ofishin naɗa bishop-bishop a Batikan tun 2023, ko da yake na Nijeriya ta ofishin mishan suke bi. Wasu na fatan zai sa a riƙa jin ta bakin mabiya kafin a naɗa. Amma fa abin da ya faru a Ahiara ƙabilanci ne, kuma Rum ba ta da maganinsa. Abuja, inda Ekandem ɗan Ibibiyo ya fara, Onaiyekan ɗan Kabba ya gāje shi, Kaigama ɗan Taraba ya biyo baya, ta nuna ana iyawa.

Haka nan zancen kuɗi da na mata. 'Yan Zumuntar Mata su ne ke cika majami'a, su ke share ta, su ke tara gudummawar gini, amma ba kasafai ake karanta musu yadda aka kashe ba. Katikis na ƙauye, wanda shi ke binne mamaci ya koya wa yara addu'a inda Fada ba ya zuwa sai wata-wata, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Francis ya ba mata ƙuri'a a taron 2023, taron kuma ya nemi a riƙa bayyana lissafi a fili. Aiwatarwa tana hannun bishop da Fada na gida, ba sai an jira wasiƙa daga Rum ba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne tsaro. Mutanen wannan yanki ba su manta da bom ɗin Madalla na ranar Kirsimeti ta 2011 ba. Fada Isaac Achi, wanda ya tsira a ranar, an ƙone shi a gidansa a Kafin Koro a Janairu 2023. Ɗalibin da ke karatu a Gwagwalada ya san irin aikin da ke jiransa. Fafaroma ba shi da soja, sai baki, kuma Leo ya yi amfani da shi: ran 15 ga Yuni 2025 ya ambaci kisan Yelwata ta Binuwai a gaban jama'a, ran 23 ga Nuwamba kuma ya roƙi a saki ɗaliban makarantar Papiri ta Jihar Neja da aka sace. Maƙwabtansu Musulmi, waɗanda 'yan bindiga ba su ƙyale su ba, suna da rabo a wannan roƙo.

A cikin watan Nuwamban ne ya ɗauki Fada Edward Daleng, ɗan Filato kuma ɗan ƙungiyarsa, ya ba shi babban muƙami a ofishin da ke kula da gidan Fafaroma. Wannan ya ƙara wa masu fatan ziyara ƙarfin gwiwa. John Paul na 2 ya zo a 1982 ya kai har Kaduna, ya dawo a 1998 ya yi sujada a Kubwa, ya kuma gana da shugabannin Musulmi a Abuja. Benedict da Francis ba su zo ba. Filin na Kubwa har yanzu da sunan Fafaroma ake kiransa.