Abin da ya sa caji ofis ke buƙatar mace

A jikin zaurukan gidaje da yawa a Kura da Bunkure da Garun Malam, kamar a cikin birnin Kano, akan rubuta "Ba shiga". Baligin da ba muharrami ba iyakarsa nan. Wanda ya san wannan ƙofa ba zai sha wahalar gane aikin 'yar sanda a ƙasar Hausa ba.

Dogaran sarki da 'yan dokan En'e aikin maza suka yi. Rundunar 'yan sandan Nijeriya kuwa sai a 1955 ta fara ɗaukar mata, ta kuma fi ɗora su kan lamuran mata da yara. Har gobe a nan buƙatarsu ta fi fitowa fili. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce mace ce za ta caje mace, sai in gaggawa ta hana. To, a ce rigima ta kaure a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ko tsakanin masu turara shinkafa a Kura, aka kama mace. Wa zai caje ta, wa zai tsare ta? A ƙarar fyaɗe abin ya fi nauyi, domin bayanin farko shi ne ƙashin bayan shari'ar, kuma yarinyar da aka zaunar gaban namiji mai kaki sau da yawa kai kawai take sunkuyarwa.

Duk da haka, tsofaffin ƙa'idojin aikin ba su sauƙaƙa wa mata ba. Ɗaya ta ce 'yar sanda ba ta aure sai da izinin kwamishina a rubuce, kotu ta soke ta a 2012. Wata ta ce a kori marar aure in ta yi ciki, ita ma kotun ma'aikata ta rushe ta a 2023. Ga batun sutura, wanda ke damun iyaye a Arewa: sai a 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince mata su ɗaura ɗankwali ƙarƙashin hula.

Hukumar Hisba, da aka kafa a Kano a 2003, tana da mata masu shiga gida su yi sulhu, kuma suna rage kaya sosai. Amma binciken babban laifi dole ya koma hannun 'yan sanda. Shi ya sa nake ganin ya kamata hedikwatar 'yan sanda ta Bompai ta tabbatar kowane caji ofis na yankin noman rani, wato Kura da Bunkure da Garun Malam, yana da mace mai jin Hausa a bakin aiki, dare da rana.