Ado bayan shekara 50: jiki ne ke canzawa, ba sha'awa ba

A gidajen biki da na suna, daga Maradi har Damagaram, mun sha jin ana ce wa mace: "Haba Hajiya, kin aurar da ɗiya, kwalliyar me kuma?" Wannan magana ce ke sa da yawa daga cikin iyayenmu mata su rufe akwati, su raba shaddodinsu ga ƴaƴa, su zauna da zane biyu. Alhali son ado ba ya tsufa. Jiki ne ke canzawa, shi ya sa adon ma sai ya bi shi.

Mu fara da fata. Yawancin mata na daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Daga nan fata na ƙara bushewa, kaurinta na raguwa, balle in hunturu ya shigo. Man kaɗe ya wadatar, musamman in aka shafa shi bayan wanka kafin jiki ya gama bushewa. Abin gudu shi ne man bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke ƙara cinye fata, har rauni ya daɗe bai warke ba. Ga mai ciwon suga kuwa, abin ya fi muni.

Lalle ma iri biyu ne. Jan lalle na ganye shi kakanninmu suka sani, kuma yana ba furfura launi mai kyau. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi, mai sinadarin PPD, yana iya kawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci har ya bar tabo. Haka kitso: gashi na raguwa da shekaru, in ana ja da ƙarfi gaban goshi ne zai tafi. A ce wa makitsiya ta sassauta hannu, babu kunya a ciki.

Sai tufafi. Kuskuren da muke yawan gani shi ne a ci gaba da ɗinki da awon shekara goma baya. A koma wurin tela ya sake awo. Bubu da lafaya na yi wa kowane jiki kyau, ga su da sakewa a lokacin zafi. Shadda mai kyau ba ta mutuwa da wuri: in ta koɗe a kai ta marina, daga can mabuga, ta dawo tana ƙyalli. Guda ɗaya irin wannan ta fi anko biyar da aka ci bashi aka yi. Takalmi ya zama mai faɗin ƙasa saboda gwiwa, ƴan kunne kuma marasa nauyi, kada huda ta tsage. Sarƙar azurfa ta maƙeran Agadas kaɗai ta isa ta fito da kaya.

Mu ƴaƴa ma da namu aikin. In Salla ta matso, kada mu saya wa Inna abin da muka ga dama da sunan "na tsofaffi". Mu tambaye ta launin da take so, mu raka ta wurin tela ta zaɓi aikin wuya da kanta. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani, kuma a wurinta muka koyi ɗaurin kallabi.