Gajeren Hanci, Doguwar Naƙuda

Ƙannenmu, da yawanku kun sha ganin hotunansu a waya: karnuka masu faffaɗar fuska da gajeren hanci, kamar an danna musu tafin hannu. Su ne irin Bulldog na Ingila, French Bulldog da Pug. A shekarar 2022 French Bulldog ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka, ya ture Labrador wanda ya shekara 31 a kan gaba. Mu ɗaliban likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, abin da muke fara dubawa a jikin waɗannan karnuka shi ne ƙashin ƙugu.

Ƙashin ƙugu zobe ne. Ƙasusuwa uku a dama, uku a hagu, sun haɗe da ƙarshen ƙashin baya suka bar kafa a tsakiya. Duk ɗan da za a haifa, na karya ne ko na akuya, ta wannan kafa zai bi, kuma ƙashi ba ya miƙewa kamar roba.

Ku dubi karen farautarmu na gida. Kansa siriri ne, bakinsa dogo, saboda haka ɗan kwikwiyonsa yakan sulluɓo bayan kwana 63 ko kusa da haka. Shi kuwa Bulldog, masu kiwo sun daɗe suna zaɓen mai ƙaton kai da faffaɗar kafaɗa domin shi ke burge masu saye, alhali ƙugun matsattse ne. Ga babban kai, ga ƙaramar ƙofa. Ƙari a kan haka, uwar da ƙyar take numfashi, sai ta gaji tun ba ta yi nisa da yunƙuri ba. Ku ƙiyasta halin da za ta shiga a zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40.

Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya gano cewa a irin Bulldog, French Bulldog da Boston Terrier, fiye da haihuwa 80 cikin 100 sai da aka yi wa uwar tiyata. Ke nan an ƙera dabbar da galibi ba ta haihuwa sai da wuƙar likita. Tun 2019 ƙasar Holan ta tsaurara doka a kan kiwon karnuka masu gajeren hanci.

Wani zai ce, ina ruwanmu, mu da ba ma ajiye irinsu? Ai dokar ƙugu ɗaya ce a kowane garke. Idan aka bar bunsuru ya yi wa jar akuyar Sakkwato barbara tun ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko aka haɗa ƙaramar karsana da ƙaton bijimi don kwaɗayin babban maraƙi, wahalar da ake ja mata ke nan. A gidaje da yawa akuya guda ita ce kuɗin jarrabawa, kuma ana iya rasa ta da ɗanta a dare ɗaya.

To me za ku yi? Ku raba ƙananan mata da maza har sai sun girma. Idan karya ta yi minti 30 tana yunƙuri da ƙarfi babu ɗa, ko koren ruwa ya fito kuma ɗan fari bai biyo baya ba, lokacin neman taimako ya yi. Haka ma akuyar da ta daɗe tana nishi ba abin da ya fito. Kada ku ja ɗan da ƙarfi, kuna iya yaga uwar. Ku gaya wa manya a garzaya wurin likitan dabbobi. Jami'armu ma tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan cikin gari.

Ran da kuka raka Baba kara sayen akuya, bayan an duba haƙora da launi, ku zagaya ta baya ku dubi faɗin ƙugunta.